Sabon Faifai Ko Gyaran Tambaya? Muhawara Kan Filin Wucin-gadi Na Rumbun Bayanai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai POS a mararrabar Dayi, inda hanyar Kano da Gwarzo ta haɗu da wadda ta taso daga Funtuwa da Malumfashi ta nufi Katsina, ya san maganar nan: "Alhaji, sai haƙuri, babu netwok." Ita ce dai ake ji a wurin rajistar lambar NIN, da kantar banki, da ofishin da ake tantance sunayen masu karɓar taki. Sau da yawa gaskiya ce. Amma akwai ranakun da sabis ɗin waya ke cike taf, saƙo ya tafi ya isa inda aka aike shi, sai dai babbar kwamfutar da ke can Abuja ko Legas ce ta shaƙe da aiki. Cikin wuraren da irin wannan kwamfuta ke shaƙewa akwai wani lungu da mai bin layi ba ya gani, wanda masu kula da rumbun bayanai ke kira filin wucin-gadi. A kan wannan lungu ne masu sana'ar suka rabu gida biyu. Wasu na cewa a saya masa faifai mafi sauri kowa ya huta. Wasu kuma na cewa a gyara yadda ake yi wa rumbun tambaya, kuɗin faifai asara ne.

Wani zai ce ina ruwan manomin masara da gardamar injiniyoyi. Da ruwansa kuwa, domin sunansa ya daɗe da barin littafin mai unguwa ya koma kwamfuta. Tun 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, aka soma raba taki ta saƙon waya a ƙarƙashin shirin GES, aka yi wa miliyoyin manoma rajista. A Fabrairun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a Kebbi, shi ma sai da asusun banki. Masu lambar NIN sun haura miliyan 100 a 2023. Rajistar hukumar zaɓe ta INEC ta 2023 na ɗauke da mutum 93,469,008, sama da miliyan uku da rabi daga Jihar Katsina. Duk sa'ad da aka ce a fitar da sunayen mazaɓu 361 na jihar nan a jere, ko a zaƙulo wanda ya yi rajista sau biyu, aikin a wannan filin wucin-gadi yake sauka.

Mene ne filin wucin-gadi?

Manomi ba ya sussuka a cikin rumbu. In zai auna hatsi, ko ya sheƙe, ko ya ware na iri da na ci, sai ya fito da shi. In ɗan kaɗan ne, tabarma ɗaya a tsakar gida ta wadatar. In ya yi yawa, dole a ɗora a amalanke a kai masussuka bayan gari, a yi aikin a can, a dawo da shi. Ana gamawa a share wurin, wani ya zo ya baza nasa, ba kuma wanda ke gadin masussuka bayan an kwashe. Haka rumbun bayanai yake. Tsakar gidansa ita ce ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM, mai sauri amma ƙarama. Masussukarsa kuwa fayilolin wucin-gadi ne da ke kan faifai.

Ayyukan da ke fita zuwa wannan fili sanannu ne: jera sunaye bisa haruffa ko bisa kwanan wata, haɗa jadawali biyu kamar na manoma da na waɗanda suka biya bashi, tara jimilla mazaɓa-mazaɓa, da gina fihirisa, wato jerin da ke sauƙaƙa nemo bayani. Kowace manhaja da sunan da ta ba shi. A Oracle, tun fitowar 8i a 1999, fayiloli ne na daban da ba a haɗa su cikin kwafin ajiya, kuma in sun cika sai a ga saƙon nan da kowane mai kula da Oracle ya haddace, ORA-01652. A SQL Server na Microsoft sunansa tempdb, ana kuma sake gina shi sabo fil duk lokacin da aka tayar da manhajar. A MySQL 5.7 fayil ne mai suna ibtmp1. PostgreSQL kuwa tana buɗe ƙananan fayiloli ne yayin aiki, ta goge su in ta gama.

Mu ɗauki misali da lissafi. A ce akwai jadawali mai sunaye miliyan uku da rabi, kowane layi da suna, unguwa, lambar waya da ranar haihuwa, ya ci bait 200. Jimilla megabait 700 ke nan. PostgreSQL, in ba a taɓa saitinta ba, megabait 4 kacal take ba kowane aikin jerawa a cikin RAM. Sai ta yanka sunayen nan aƙalla kashi 175, ta jera kowane kashi, ta rubuta shi a faifai, sannan ta dawo ta karanto su ta gauraya su bisa tsari. Oracle ta raba irin wannan aiki hawa uku: wanda ya ƙare a cikin RAM, wanda ya je faifai sau ɗaya, da wanda ya yi ta safa da marwa. Na ukun nan shi ne mai mayar da rahoton minti biyu ya zama na awa biyu.

Akwai alƙaluma uku da ɓangarorin biyu suka yarda da su. RAM tana amsa kira a cikin kusan kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa. Faifan SSD, wanda ba shi da wani abu mai motsi a ciki, yana amsawa a kusan kashi ɗaya cikin dubu goma. Tsohon faifai mai juyawa sau 7,200 a minti kuwa, sai kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Wato SSD ya fi mai juyawa saurin amsawa kusan ninki ɗari, ita kuma RAM ta fi SSD kusan ninki dubu. Ɓangaren farko ninki ɗarin nan suke kallo. Ɓangare na biyu ninki dubun suke nunawa.

Hujjar masu cewa a sayi faifai

Hujjarsu ta farko ita ce, akwai aikin da ko waye ya rubuta tambayarsa, sai ya fita waje. Mai gina fihirisa a kan sunaye miliyan 100 dole ya jera su tukuna, kuma a bait 200 kowane layi, gigabait 20 ake magana a jadawali ɗaya. Lokacin da INEC ta tace sabuwar rajistar 2021 zuwa 2022, ta soke 2,780,756 daga cikin 12,298,944 da suka kammala rajista. Irin wannan tacewa da rufe lissafin ƙarshen wata a banki, manyan kaya ne tun asali. Tunda fita ba makawa, in ji su, gara a gyara hanyar.

Ta biyu, faifai mai juyawa yana da hannu ɗaya ne mai karatu da rubutu. In aiki ɗaya ne a gabansa, yakan yi megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa. Amma in ma'aikata talatin suka turo rahotanni lokaci guda, kuma fayilolin wucin-gadi na zaune a faifai ɗaya da ainihin bayanan, sai hannun nan ya yi ta tsalle daga nan zuwa can, ba zai wuce tsalle ɗari zuwa ɗari da hamsin a daƙiƙa ba. A nan ne rahoton mutum ɗaya ke tsayar da cinikin mutum dubu. SSD na gama-gari yana yin irin wannan aiki dubun-dubata a daƙiƙa, yana kuma kwashe kusan megabait 550 a daƙiƙa. Nau'in NVMe yana kwashe gigabait da yawa a daƙiƙa. Da an raba filin wucin-gadi da sauran bayanai an ɗora shi a kan irin wannan, a ranar za a ga bambanci, ba sai an taɓa ko harafi ɗaya na manhaja ba.

Ta uku, wadda ta fi kama ƙasa a Nijeriya: manhajar ba tamu ba ce. Yawancin bankuna da ma'aikatu saye suke yi. A 2024 bankin Zenith ya koma kan Flexcube ta Oracle, GTBank kuma ya koma kan Finacle ta kamfanin Infosys na Indiya. Mai kula da rumbu a irin wannan wuri ba shi da ikon buɗe manhaja ya sauya tambaya, sai ya rubuta wa kamfanin ya zauna jira. A ƙananan ofisoshi abin ya fi haka muni, domin ɗan kwangilar da ya rubuta manhajar ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, wani lokaci ma da makullin lambobin a aljihunsa. Ga kuma ƙaurar ƙwararru zuwa Ingila da Kanada, wadda shugabannin bankuna da kansu suka fito suka koka a kanta a 2022. Faifai dai ana samunsa a kasuwa yau. Gwanin da zai warware tambaya mai layi ɗari biyar fa, a ina?

Ta huɗu, lissafin kuɗi. Farashin lasisin Oracle Enterprise Edition a takardar kamfanin dala 47,500 ne kan kowace furosesa, wato ƙwayar da ke yin lissafi a cikin kwamfuta, ban da kuɗin kulawa na shekara-shekara. Duk daƙiƙar da wannan furosesa ta yi tana jiran faifai, kuɗin lasisi ne ke ƙonewa. SSD mai kyau kuwa ɗaruruwan daloli ne. Sannan tunda abin da ke cikin filin wucin-gadi ba ajiya ba ne, ba ya buƙatar kwafi, in wuta ta ɗauke ma ba a yi asarar komai ba. Shi ne wuri ɗaya tak a cikin rumbu da za a iya fifita sauri a kan tsaro ba tare da fargaba ba. Suna kuma kafa hujja da manyan kamfanoni: Microsoft ta yarda a ɗora tempdb a kan faifan cikin na'ura tun SQL Server 2012, ko da sauran bayanan na kan ma'ajiyar haɗaka, Amazon ma tana hayar rumbunan da ke ajiye fayilolin wucin-gadi a kan NVMe na cikin na'ura. Ga ofishin da ke dogara da sola da batura a Malumfashi, akwai ƙarin riba, domin SSD bai kai mai juyawa cin wuta ba, bai kuma damu da girgiza ba.

Hujjar masu cewa a gyara tambaya

Su kuma waɗannan cewa suke yi, ruwa ba ya tsami banza. Filin wucin-gadi ba ya cika don kansa, wata tambaya ce ta cika shi, kuma a mafi yawan rumbuna 'yan tambayoyi ƙalilan ne ke cin mafi yawan filin. Ga misali a kusa. Ma'aikaci na son haɗa jadawalin manoma 100,000 da jadawalin biyan bashi mai layi 100,000, sai ya manta bai sa sharaɗin da ke cewa a haɗa su ta lambar NIN ba. Kwamfuta ba ta musu. Za ta haɗa kowane manomi da kowane biya, ta haifar da layi biliyan 10. A bait 100 kowane layi, terabait ɗaya ke nan cif. Babu faifan da zai ceci wannan. Mai sauri ma sai dai ya cika da wuri. Layi guda da aka manta shi ne ciwon, layi guda kuma shi ne maganin.

Ga wani misalin da kowa a ƙasar Hausa zai gane. Mutum ɗaya ne, amma a rajistar taki Mamman, a banki Mohammed, a katin zaɓe Muhammad, wani wurin ma Muh'd. In aka ce a gano masu rajista biyu ta hanyar gwada kowane suna da kowane suna, mutum 100,000 za su haifar da gwaji kusan biliyan 5. In kuwa aka fara da kasa su bisa lambar waya, ko mazaɓa da shekarar haihuwa, sannan aka gwada 'yan cikin kowane kashi kaɗai, aikin zai ragu ninki dubbai. Haka fihirisa take: tana riƙe da sunaye a jere tun farko, don haka tambayar da ke son su a jere ba ta da buƙatar zuwa filin wucin-gadi sam. Mai saurin tafiya, in ji su, bai kai wanda ba sai ya je ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce ninki dubun nan. In za a kashe kuɗi, a kashe a RAM da saitinta. Tun 1987 Jim Gray da Gianfranco Putzolu suka fitar da lissafin da ya shahara da sunan ƙa'idar minti biyar, wanda ke nuna cewa bayanin da ake yawan nema ya fi araha a riƙe shi a RAM da a riƙa ɗebo shi daga faifai. Na'urori da yawa a ofisoshinmu na da gigabait 32 ko 64 na RAM, amma manhajar na nan a kan saitin da ta zo da shi, tana jera sunaye da megabait 4. Ɗaga wannan lamba ga mai fitar da rahoto ba ya cin ko sisi. Oracle ma tun 9i a 2001 ta ba da damar a faɗa mata jimillar RAM ɗin da za ta raba wa irin waɗannan ayyuka, ita ta san yadda za ta kasa.

Ta uku, ba kowane jinkiri ne na saurin faifai ba. A SQL Server akwai cunkoson da ke faruwa a kan 'yan shafukan da ke riƙe da lissafin wane gurbi ne a cike, wane ne fanko. Kowa sai ya bi ta kansu, kuma a cikin RAM suke, don haka ko an kawo faifan da ya fi kowane sauri a duniya layin na nan. Maganin da Microsoft ta bayar shi ne a raba tempdb zuwa fayiloli masu girma ɗaya, adadin furosesa har zuwa takwas, in cunkoson bai tafi ba a riƙa ƙara huɗu-huɗu. Tun fitowar 2016 ma manhajar ke ba da wannan shawara da kanta yayin girkawa. A MySQL 5.7, ibtmp1 na farawa da megabait 12, ya yi ta kumbura ba iyaka, ba ya kuma saɓewa sai an kashe manhajar an tayar, alhali layi ɗaya a fayil ɗin saiti ya isa ya yi masa linzami. A Oracle kuwa, fayil ɗin wucin-gadi kan nuna ya kama gigabait 30 alhali bai riga ya mallaki gurbin ba, sai wani ya cika faifan da wasu kaya, ranar babban aiki a nemi wuri a rasa. Duk waɗannan sani suke so, ba saye ba.

Ta huɗu, SSD na da wa'adi. Kowane ɗaya akwai adadin terabait ɗin da kamfaninsa ya yi alkawarin zai jure rubutawa, filin wucin-gadi kuwa rubutu da gogewa ne dare da rana. Na laftof da ake samu da araha a kasuwa ba don wannan aka ƙera shi ba, in ya yi zafi kuma rage gudu yake yi don kare kansa, ga shi zafin Afrilu a kudancin Katsina na kai awo 40. Maganar cewa ba a asarar komai in ya mutu ma rabin gaskiya ce. Bayanai ba za su ɓata ba, amma SQL Server ba ta aiki sai da tempdb, faifan na mutuwa komai ya tsaya. Ga kuma canji: kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Duk wani ƙarfe daga waje yake zuwa. Araha ba ta ado, mai tsadar kuma ya ninka uku.

Hujjarsu ta ƙarshe ba ta kimiyya ba ce, ta halinmu ce. Sayen na'ura kwangila ce, ana ganinta, ana ɗaukar hoto da ita, ana yanka mata kintinkiri. Yaron da ya kwana uku yana bin tambaya har ya mayar da aikin awa biyu zuwa minti ɗaya, ba abin da zai ajiye a kan tebur a gani. Shi ya sa, a ganinsu, kullum ɓangaren saye ke cin nasara a ɗakin taro, ko da ba shi ne da gaskiya ba.

Inda kowane ɓangare ya yi tuntuɓe

Masu faifai sun yi gaskiya cewa wasu ayyuka sai sun fita, amma sukan yi saye kafin su tambayi wane aiki ne ke fita, kuma don me. Ninki ɗarin da suke alfahari da shi na saurin amsawa ne kawai. A babban aiki guda mai tafiya a jere, ribar na iya tsayawa a ninki uku ko goma. Bayanai kuwa kullum ƙaruwa suke, muguwar tambaya ma ba daidai da ƙaruwarsu take nauyi ba: in sunaye suka ninka biyu, gwada kowa da kowa ninki huɗu yake yi. Faifan da ya ba da sarari bana, baɗi zai shaƙe.

Masu gyara su ma ba su tsira ba. Shawarar a ɗaga saitin RAM takobi ce mai kaifi biyu. A PostgreSQL lambar nan ta kowane aikin jerawa ce a cikin kowace tambaya ta kowane ma'aikaci. In aka mayar da ita gigabait ɗaya ga kowa, mutum ɗari suka shigo tare, gigabait 100 ake nema daga na'ura mai 64, sai ta faɗi gaba ɗaya, abin da ya fi jinkiri muni. Fihirisa ma ba kyauta ba ce, kowace da aka ƙara tana rage saurin shigar da sabon suna, gina ta kuma filin wucin-gadi take ci. Sannan ba su da amsa mai gamsarwa ga wanda manhajarsa ke kulle a hannun kamfani, ko wanda gobe ne ranar biyan albashi.

Akwai masu cewa a bar wahalar duka, a yi hayar rumbu a intanet wurin Amazon ko Microsoft. Wannan bai kashe gardamar ba, ya dai mayar da ita takardar biyan kuɗi ta wata-wata, da dala, domin a can ma muguwar tambaya na cin gurbi da sauri, ana kuma lissafa su. Mutanen yankin nan na da ƙarin dalilin taka-tsantsan. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, ba a buɗe ba sai ƙarshen shekara. A 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka shiga tasku. A Oktoban 2024 mafi yawan Arewa ta yi kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone da ke Kano ta matso da abin kusa, amma ko a ina aka ajiye rumbun, tambayar na nan: me ke cika filin?

Wani abu kuma da ɓangarorin biyu ke yawan tsallakewa shi ne sirri. Abin da ke sauka a filin wucin-gadi kwafin ainihin bayanai ne, sunaye, lambobin waya, adadin bashi. Manhaja na cewa ta goge, amma sawun na iya zama a faifai. In aka cire tsohon faifai aka jefar, ko ya bi hannun 'yan gwangwan zuwa kasuwa, sirrin manoma ya tafi da shi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ba ta ware fayil ɗin wucin-gadi daga hukuncinta ba.

Hukunci

A ganina kowane ɓangare na riƙe da rabin magani, rigimar ta wanne za a fara sha ce, kuma a nan masu gyara suka fi gaskiya. Abu na farko awo ne. Kayan awon na cikin manhajar, kyauta: Oracle na nuna wane ma'aikaci da wace tambaya ke riƙe da filin a kowane lokaci, PostgreSQL na iya rubuta duk tambayar da ta buɗe fayil ɗin wucin-gadi tare da girmansa. Mako ɗaya na irin wannan lissafi, musamman makon ƙarshen wata, zai fito da masu laifi. Na biyu, a gyara manyan cikinsu, a sa fihirisar da ta dace. Na uku, a ƙara rabon RAM ga masu manyan rahotanni su kaɗai, ba ga kowa ba, a kuma matsar da rahotannin zuwa dare in da hali. Na huɗu, a yanka wa filin iyaka, a kama masa gurbinsa tun farko, domin tambaya ɗaya ta mutu ya fi rumbu duka ya tsaya.

Bayan an yi waɗannan, abin da ya rage yana fita, halattaccen kaya ne, kuma a nan masu faifai ke da gaskiya ɗari bisa ɗari. A ware masa SSD nasa, irin na manyan na'urori mai jure rubutu, guda biyu masu kwafin juna don kada mutuwar ɗaya ta tsayar da aiki. A guji tsarin haɗa faifai na RAID 5 a wannan wuri, domin kowane ƙaramin rubutu a cikinsa aiki huɗu yake zama. A kulle abin da ke ciki da lambobin sirri, a kuma lalata tsohon faifai kafin ya bar ofis. Wanda manhajarsa ke kulle, ko wanda gobara ta riga ta kama, yana da uzurin fara saye, da sharaɗin ya yi awon daga baya, ya kuma aika wa kamfanin sakamakon a rubuce.

Kirana ga hukumar fasahar sadarwa ta Jihar Katsina, KATDICT, da duk ma'aikatar da ke riƙe da sunayen jama'a: kada a karɓi wata manhaja daga ɗan kwangila sai an gwada ta da sunaye masu yawan na jihar duka, an kuma miƙa lambobinta na asali. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, su koya wa ɗalibai karanta taswirar da manhaja ke bi wajen amsa tambaya, kada a tsaya a rubuta tambayar kawai. Lokacin yin wannan aiki shi ne rani, kafin ruwan Mayu ya sauka manoman Dayi da Malumfashi su yi layin taki. Ba a fafe gora ranar tafiya. A auna, a gyara, sannan a saya.